Man da Baba Yake Nufi

Makon jiya aka sauke mini kayan wani gida daga Abhur, can bakin tekun Jidda. Sana'ata ke nan shekara da shekaru: idan mutane za su tashi ko an raba gado, ni ake kira in kwashe gidan gaba ɗaya, in zo shago in tsince abin da zai sayu. A ƙarƙashin wata katifa na tarar da alluna biyu dogaye masu lanƙwasasshen baki, irin waɗanda mutum ke sa ƙafa a ciki jirgi mai inji ya ja shi a kan ruwa. Na kamfani ne, masu sheƙi. Wani ya taɓa naɗe su da shatartun, abin nan da mutanen Najeriya ke kira salatif, da ya cire sai danƙon ya zauna a cikinsu baƙi ƙirin. Na ɗora babban yatsana, ya kama. Babban ɗana, wanda muke shagon tare, ya miƙo mini wani gwangwani ya ce, "Yabuya, fesa wannan, minti ɗaya halas, an gama." Na fesa, na goge da tsumma, danƙon ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba. Na daɗe zaune da tsumman a hannuna. Irin wannan danƙon ne ya kusa fitar da gidanmu kaf daga ƙasar nan.

Unguwar da aka haife ni babu ita yanzu. Tana bayan Bagdadiyya ne a nan Jidda, lungu cikin lungu, kuma yau idan na bi ta wurin sai in ga fili shafe da kwalta, motoci a jere, ba zan iya nuna inda ƙofarmu take ba. Gida ɗaya ne mai babban tsakar gida, iyali bakwai, kowa da ɗakinsa na katako da kwano. Tun kafin gari ya waye za ka ji garwa tana bugun garwa, mai ruwa ya iso da sandarsa a kafaɗa. Daga nan sai turmi, domin tsofaffin matan gidan ba su taɓa yarda da injin niƙa ba, sun ce yana kashe wa yaji rai. Aikina na safe shi ne in cika randuna, in share garin katako daga rumfar Baba, in ɗauki tiren Inna na gyaɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa in kai mata kasuwar Bab Makka, da la'asar in koma in ɗauko. Yanzu ina unguwar Madain Fahd, bene na uku, ruwa a famfo, sanyi a bango, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa sai ranar Juma'a nake ganin fuskarsa. Ban ce zaman da ya fi na yanzu ba. Wanda ya yi barcin rana a ɗakin kwano cikin zafin Jidda ba zai yi wannan ƙaryar ba. Sai dai a wancan gidan, idan fuskarka ta canja da safe, kafin azahar mutum bakwai sun tambaye ka dalili.

Hausarmu ta 'yan haihuwar Jidda Hausa ce mai faci. A bakinmu ruwa moya ne, taga ɗaga ce, man girki kuma zait. Ban taɓa jin Inna ta ce a miƙo mata mai ba, zait take cewa kamar kowace mace a gidan, ita ma nan aka haife ta. Kalmar mai a bakin direbobi na san ta, sababbin zuwa daga Kano da ke taruwa a bakin titi, wannan ya ce mai ya ƙare masa, wancan ya ce za shi shan mai. A kaina, mai shi ne fetur, banzin a bakinmu, abin da mota ke sha, ba shi da wata ma'ana. Jikokina yau in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Matata tana yi musu faɗa, ni ba na yi. Na san yadda rabin harshe yake a bakin mutum, yana jin kamar ya cika.

Baba shi ba ɗan nan ba ne. Da ƙafa ya zo ta Sudan yana saurayi, ya yi hajji, ya zauna. Kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda idan ya ɗauki katako sai ya shinshina shi kafin ya auna. Yakan ce katako ba ya ƙarya, mai sayar da shi ne ke yi masa. Larabcinsa na aiki ne: ya san ƙidaya, ya san sunan kowane ƙarfe a akwatinsa, ya san gaisuwa. Amma doguwar magana a gaban manya, ko a ofis, ko a asibiti, ni yake sawa gaba tun ina ɗan shekara goma. Shi ya faɗa da Hausa, ni in juya. Ina jin daɗin wannan matsayin ƙwarai. A waje ni ne bakin gidanmu.

A shekarar da nake magana na fara tsirar gashin baki, iƙamar Baba kuma, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta zo ƙarshe. Ni da Inna da ƙannena mata uku duk a bayan takardarsa muke rataye. Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar, wani attajiri ne mai gine-gine, wanda ba mu taɓa zama da shi ba, komai ta hannun wakilinsa yake bi. Takardun sabuntawa sun yi wata biyu a wurinsa suna jiran sa hannu, kullum wakili ya ce gobe. Mun san ma'anar abin. A damina ɗaya da ta wuce, in za a kira 'yan kwanakin ruwan Jidda damina, an zo an kwashe mai wankin da ke ɗakin kusa da namu, shi da matarsa da 'ya'yansa, don takardarsu ta ƙare, aka fitar da su ƙasar, tukunyarsu tana kan wuta. Inna ce ta sauke ta. Mu yaran ba wanda ya taɓa ganin Najeriya. Ko sunan ƙauyen Baba ƙannena ba su iya faɗa daidai ba.

Ana cikin haka wakili ya zo da wata takarda da aka yago daga mujalla, hoton wani Bature tsaye a kan ruwa riƙe da igiya. Autan kafili ya dawo daga karatu a waje, an saya masa jirgi, yana son irin allunan nan. Wakili ya ce, "Ya mu'allim, ka gama wannan zuwa Juma'a ta sama, takardarka tana kan tebur." Bai ce sharaɗi ba ne. Ba sai ya ce ba.

Baba ya kalli hoton kwana biyu kafin ya taɓa zarto. Ya fere katako siriri falle uku-uku, ya dafa bakunansu a babbar tukunyar Inna ta biki, ya lanƙwasa su a jikin ganga, ya haɗa su da gam. Ya shafa musu warnish, wato man ƙyallin katako, har sau huɗu, sai da cikinsu ya yi santsi kamar madubi, domin ya ce abin da zai gudu a kan ruwa ba ya son ko ƙwayar yashi a cikinsa. Mutanen gida suka sa musu suna takalman ruwa. Tsofaffi suna wucewa suna cewa Allah ya shirya, mutum ya ga ƙasa shimfiɗe ya ce sai teku. A ƙarshe ya yanko robar tayar mota ya yi mazaunin ƙafa, ya manna, ya naɗe kowane allo da shatartun zagaye-zagaye don robar ta kama, ya hau da su kan rufi. Kwana ɗaya ya yi niyyar su yi. Washegari wakili ya ɗauke shi zuwa Makka sa ƙofofi a wani ginin kafili, aikin yini guda ya zama na kwana huɗu. Ba wanda ya tuna da rufi. Rana ta yi ta dafa su.

Ranar Alhamis da azahar ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya hau ya sauko da su. Har yau ina jin ƙarar shatartun ɗin nan yana ɓantarewa, yana jan zare baƙi kamar narkakkiyar alewa. Ledar ta fita, danƙon ya zauna, layi-layi tun daga baki har gindi. Baba ya gwada da farce, abin ya naɗe masa a yatsa. Na ce in kawo wuƙa. Ya ce wuƙa za ta ci warnish. Na ce takardar goge katako fa. Ya ce ita ma, kuma sabon shafe ba zai bushe kafin gobe ba. Sai ga hon ɗin motar wakili a bakin lungu, wata ƙofa ta ƙi rufuwa a wani gidan. Baba ya ɗauki akwatinsa, ya tsaya a ƙofa ya ce mini, "Ka sa musu mai. Ka jiƙa tsumma ka shimfiɗa a kai, ka bar shi ya sha. Ban da gaggawa."

Na ɗauki gwangwanin madara na nufi bakin titi, wurin wani direba Bakano mai akori-kura da muka saba.

"Ɗan Jidda, me za ka yi da mai?" ya ce. "Ko jakin mai ruwanku ne aka sa wa inji?"

"Baba ne ya aiko ni. Na takalman ruwa ne."

"Takalmi da shan mai! To, Malam ya fi mu sanin aikinsa. Riƙe nan, kada ka zubar mini, ba rijiya gare ni ba ko da yake a ƙasarku nake."

Ya zuƙo da tiyo ya cika mini gwangwanin. Tsumman da na samu bai isa alluna biyu ba, shi ya sa na fara da ɗaya. Na jiƙa shi sharkaf, na shimfiɗa tun daga baki har gindi, na ƙara tsiyaya ragowar a kan lanƙwasar, inda danƙon ya fi kauri. Na ajiye a inuwa, na tafi Bab Makka ɗauko Inna da tirenta, ina tafe ina jin kaina mutum.

Tun daga zaure Inna ta tsaya. "Wa ya shigo da banzin gidan nan, ga wuta a murhu bakwai?"

Na ruga na ɗaga tsumman. Danƙon ya tafi, babu ko ɗigo. Warnish ɗin ma ya tafi. Inda ya rage ya tattare kamar fatar da ke kan dafaffiyar madara. A bakin allon kuma, inda fallayen uku suka haɗu, wani siririn layi ya buɗe, na sa farce ya shige.

"Me ubanka ya ce maka?"

"Ya ce in sa mai."

"Mai ya ce, ko banzin?"

"Ai duk ɗaya ne, Inna."

Ta sauke tiren a hankali, ta zauna a kan turmi. "Zait yake nufi, ya waladi. Man gyaɗa. A garinsu shi ne mai." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta kalli ƙannena da ke wasa a bakin randa, ta daɗe tana kallonsu.

Baba ya dawo gab da magariba. Na so ya dake ni, da na samu sauƙi. Ya tsuguna, ya bi allon da tafin hannu, ya shinshina, ya danna bakin da yatsa. Ni kuwa na riga na shirya magana, domin tun lokacin Allah ya ba ni idon sanin abin da zai shige wa mai saye. Na ce a ɗura gam a tsagar a matse, a goge, a yi shafe ɗaya mai kauri, da safe zai yi ƙyalli, ba mai ganewa.

"A hannu ba mai ganewa," in ji Baba. "Ruwa zai gane. Man nan ya shiga ciki ya kashe gam ɗin, ban san iyakar inda ya kai ba. Jirgin nan gudun mota yake. In bakin ya buɗe ya caki ruwa, wuyan ɗan mutane ne."

"To mu fa, Baba?"

"Mu Allah ya san da zamanmu. Je ka karɓo mini abin nan da kuke kira zait."

A kan allo na biyu na koyi aikin da ya kamata in yi tun farko. Mun fara bayan magariba, muka ajiye da isha, muka ɗora bayan asuba. Ana ɗiga man ne da yatsa a kan layi ɗaya, a jira shi kamar tsawon shan shayi. Sannan a murza da babban yatsa, gefe guda kawai, danƙon ya riƙa naɗewa yana fita kamar dauɗar jiki. Inda ya ƙi, Baba ya fere wani ɗan itace mai laushi, wanda ba zai iya yi wa warnish rauni ba, ana tura shi a kwance. In layi ya fita sai a barbaɗa garin katako mai laushi ya shanye man, a share, a bi da sabulu da ruwa mai ɗumi, a tsane. Layi goma sha wani abu ne. Yatsuna suka yi ja, suka kumbura. Ba mai magana sai Inna, da ke leƙowa tana cewa kwalbar ta wata guda ce muka shafa wa itace. A ƙarshe Baba ya karkata allon ya ɗiga ruwa a baki, ɗigon ya gangara har gindi bai tsaya ko'ina ba. Da na waiwaya kan lalataccen, sai na ga fetur ɗin ya bushe, tsagar ta koma ta rufe bakinta. Sai wanda ya sani.

Da hantsi muka naɗe su a bargo muka tafi gidan kafili. Jirgin yana tsakar gida a kan tirela, an riga an ɗaura shi a bayan mota. Aka shigar da mu falo. Kafilin dattijo ne siriri, yana zaune da tasbaha. Autan nasa yana tsaye da gajeren wando, yana kaɗa makulli. A kan ɗan teburin da ke gefen dattijon na hango takardunmu, an danne su da faranti, hoton Baba a maƙale a sama.

Baba ya buɗe bargon ya ce mini, "Faɗa masa wannan lafiyayye ne. Wannan kuwa ya lalace a hannunmu, kada kowa ya hau shi. Ka ce laifina ne, ban yi bayani yadda ya kamata ba."

Na kalli takardun. Na tuna tukunyar mai wanki. Na buɗe baki da Larabcina mai kyau, irin na 'yan gari, na ce mahaifina yana gaisuwa, ya ce an gama duka biyun, sai dai wannan ƙyallinsa ya ɗan dushe saboda rana, amma ƙarfinsa yana nan.

"Bas? Ma fi mushkila," in ji saurayin, wato ba matsala. "Yalla." Ya sunkuya ya ɗauki lalataccen, ya saɓa a kafaɗa. Baba ya ga yaron yana murna, ya juyo ya dube ni, bai gane ba tukuna.

"Kul, ɗan nan! Ba haka ya ce ba."

Da Hausa aka faɗa. Na waiwaya ina neman tsohuwar da ta shigo, domin muryar da lafazin duk na tsohuwa ne mai tsawata wa yaro. Babu kowa sai dattijon, ya daina jan tasbaha. Daga baya muka ji cewa wata Bahausa ce ta yi renonsa, a bayanta ya girma, kamar 'ya'yan manyan gidaje da yawa na wancan zamanin. Hausar ba ta da yawa a bakinsa, amma a kunnensa tana nan daram.

Ya juya wurin Baba. "Malam, mene ne? Faɗi."

Baba ya karɓi allon daga kafaɗar saurayin, ya kafa bakinsa a ƙasa, ya ɗora ƙafa ya danna, ba da ƙarfi sosai ba. Ya yi ƙara kamar an karya rake, fallayen uku suka buɗe har kusan mazaunin ƙafa. Saurayin ya ja da baya. Dattijon ya kalli allon, ya kalli ɗansa tun daga kai har ƙafa, sannan ya kalle ni. Ban san tsawon lokacin ba.

"Ku je gida," ya ce. Takardun suna nan ƙarƙashin faranti.

Da ƙafa muka koma, shaguna a rufe, ana ta shirin masallaci. Baba yana gaba ina baya. A masallaci ya shige wani sahu daban. Kwana huɗu muka yi a haka. Inna ta ƙulle kayanta a zane, ta kwance, ta sake ƙullewa. Ba ta fita Bab Makka ba. Duk hon ɗin da aka yi a bakin lungu sai gidan ya yi tsit, har turmi ya tsaya. Mutanen gida sun san komai, ba wanda ya tambaye ni ko ya zage ni, sai dai tsofaffin sun daina aike na. Baba yana rumfarsa yana fere sababbin fallaye, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya ce masa za a karɓa.

Ranar Talata da hantsi wakili ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya zaro iƙamar daga aljihu, sabuwa, sunayenmu duka a ciki, ya miƙa wa Baba. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Wakili ya ce, "Kafili ya ce ka yi wani, ba gaggawa. Ya ce kuma in za ka kawo, ka zo kai kaɗai. Larabcinka ya ishe shi."

Shi kaɗai ya kai. Daga ranar bai sake sa ni gaba zuwa ko'ina ba, ofis ne ko kasuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da na bar rumfar na koma kasuwar gwanjo, ya sa mini albarka, ya ba ni guduma da abin awo daga akwatinsa. Mun zauna lafiya shekaru masu yawa, ya ga aurena, ya yi wa 'ya'yana huɗuba, ya ci abincin gidana. A ciwonsa na ƙarshe ni na kai shi asibiti a motata. Likita ya tambaye shi inda ke masa ciwo da yadda ciwon yake. Na matso, na buɗe baki. Baba ya kamo hannun likitan ya ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ya shiga haɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya da Larabcinsa na kafinta, yana tsayawa yana nemo ta gaba. Ina tsaye a gefen gadon da harshe biyu a bakina. Bai waiwayo ba.